Launin Inabi da Ludayin Baba

A gidanmu kowa da ludayinsa, sai ni. Ni ba ni da nawa, da na Baba nake sha.

Ƙauyenmu yana gefen Yekuwa, ɗan ƙarami ne, in ka yi atishawa a gabas za a amsa maka daga yamma. Baba manomi ne, mai gero da wake da ƴar gyaɗa, marar yawan magana, kuma ƴaƴansa ba sa zama kusa da shi. Yayyena in sun zo gaisuwa daga bakin zaure suke durƙusawa. Ni kuwa auta ne, na zo bayan an fid da rai da haihuwa, don haka aka yi mini sassauci. Kullum da azahar Inna za ta dama fura ta kawo wa Baba a ƙwarya, ta rufe da faifai, ludayi ɗaya a kai. Tsohon ludayi ne na duma, ya yi ja saboda shekaru, bakinsa ya taɓa tsagewa aka ɗinke. Baba ya kamfata ya sha, ya miƙo mini, in sha in mayar masa. Ba ma hira. Tun ina rarrafe muke haka har na fara gemu, kuma duk hutun da na zo daga lakol, wato makarantar boko, a nan muke ɗorawa. Wannan ludayin shi ne duk maganar da ke tsakanina da ubana, kuma ta ishe mu.

Lakol ta kai ni Magaria, ta kai ni Damagaram, daga nan aka ce na sami bursu, wato tallafin karatu, zuwa Faransa in ƙaro ilimin noma. Farkon shekarun saba'in ke nan. Na tafi da zuciya ɗaya, ina cewa zan koyo abin da zai hana gyaɗarmu ciwo, ya hana geronmu tsutsa. Da na isa sai aka tura ni wani gari a kudu, inda tun daga bakin hanya har iya ganinka babu abin da aka shuka sai inabi. Aka sa ni a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin wani gajeren bature mai gashin baki, wanda bai taɓa ganin zangarniyar gero ba, kuma bai damu ya gani ba. Na yi ƙorafi, aka ce hanyar aiki zan koya, hanyar kuwa ɗaya ce ko a kan inabi ko a kan dawa. Na haɗiye fushina na sa farar riga.

Aikinmu gano launukan da ke cikin inabi. Kafin nan ni a wurina ja ja ne, ashe ba haka ba. In ka ɓare ƙwayar baƙin inabi, naman ciki kusan fari ne, duk launin a fatar yake. Sai mu ɓare fatun mu niƙa, mu jiƙa a wani ruwa mai tsami da aka haɗa da alkol, sinadarin nan da ke sa giya ta bugar, mu tace, ya fito jawur. Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wata farar takarda mai kauri mai shan ruwa, ka rataye ta cikin akwatin gilashi, ƙasanta na taɓa wani ruwan daban. Ruwan ya yi ta hawa a hankali kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan launin tare da shi. Jan nan da ka ɗiga guda ɗaya sai ka ga ya rabu. Wani ya yi gaba da sauri, wani ya tsaya a tsakiya, wani ya maƙale can ƙasa. Wannan ja, wancan shunayya, wancan ya karkata ga shuɗi. Kowanne da inda yake tsayawa, kuma ba ya saɓawa. Daga nan mu kai takardar wani ƙaramin ɗaki marar taga mu haska ta da fitila ta musamman. In wani tabo ya yi haske kamar garwashi, to inabin nan ruwa biyu ne, an haɗa irinsa da na wata ƙasa, ko da mai gonar ya rantse da kakansa cewa tsantsa ne. Mutanen nan sun damu da asalin inabi fiye da yadda tsofaffinmu suka damu da asalin mai neman aure.

Na so aikin, ba zan ɓoye ba. Nakan tsaya gaban akwatin gilashin nan ina kallon launi yana rarrafe, in manta ban ci abinci ba. Ina tuna Inna tana rina kaba, ina cewa a raina ashe jan da ke tukunyarta ma taron dangi ne ba ta sani ba.

Abin da ya haɗa ni da mai gashin baki shi ne bututu. Manoman yankin giya suke yi da inabinsu, kuma sukan kawo ta a kwalabe a duba musu launinta kamar yadda ake duba na fata. Ana ɗibar ta ne da wani siririn bututun gilashi. Ka sa bakinka a sama ka zuƙa har ta hau inda kake so, sai ka toshe da yatsa. Wanda ya yi gaggawa ta shige masa baki, su yi dariya ya haɗiye. Ranar da aka miƙo mini bututun na ce ban yi. Mai gashin baki ya ce ai ba sha ba ne, aiki ne. Na ce aikin naka ne, bakin nawa ne. Fuskarsa ta yi ja kamar abin da ke cikin kwalbar. Ya ce labo ba masallaci ba ne, in ba zan yi ba ga kwalabe can in je in yi ta wanki. Na yi ta wankin kuwa, duk sanyin shekarar, har hannuwana suka faffashe. Sauran ɗalibai suka sa mini suna limami, in na shigo su ɗaga hannu su ce amin. Ban sauko ba. A ƙarshe na samo wata ƴar ƙwallon roba da ake maƙalawa a kan bututun ta yi zuƙar a madadin baki, na ajiye ta a gabansa. Ya jujjuya ta, ya yi gunaguni, ya mayar da ni kan takarduna. Har na bar ƙasar nan ko ɗigo bai taɓa leɓena ba, kuma na sha wuya a kan haka, shi ya sa abin da ya biyo baya ya ci mini rai.

Ana gab da in gama, wani abokin aiki ya zo da abin ɗaukar hoto mai launi. Na ce ya ɗauke ni, a ga autan Baba ya zama mutum. Na gyara farar rigata, na ɗauki wata kwalba mai kumburarren ciki da ruwan fatar inabi a ciki, na ɗaga ta wajen taga don rana ta ratsa ta, na washe baki. Hoton ya yi kyau, Allah ya sani. Na aika gida.

A ƙauyenmu ba a taɓa ganin hoto mai launi ba. Inna ta maƙala shi a tsakiyar jeren kwanukanta, mata suna zuwa kallo har daga wasu ƙauyuka. Sai Baffa, ƙanin Baba, wanda ke fataucin goro da atamfa tsakanin Magaria da Kano, kuma bai daɗe da dawowa daga Makka ba, ya ara ya tafi da shi kasuwar Magaria don ya yi taƙama da ɗansa. A can wani direba da ya taɓa yi wa turawa aiki ya kalla ya ce, "Alhaji, ka kuwa san abin da ɗanku ya riƙe? Jar giyar nasara ce. Haka suke ɗaga ta kafin su sha." Baffa ya tafi da taƙama ya dawo da wa'azi. Ni ina can ban san wainar da ake toyawa ba.

Na dawo ana tsakiyar fari. Daga Yekuwa amalanke na hau, wani ramammen sa yana ja, gonaki dama da hagu sun zama fili. Na isa gida rana tsaka. Inna ta kama hannuna ta yi ta kuka, na zaci na murna ne. Na tambaye ta hotona, ta kau da kai. Na shiga zaure na gaida Baba. Ya amsa, ya tambayi hanya, idonsa a kan tabarma. Baffa na gefe yana jan carbi. Can sai Inna ta shigo da fura, amma ƙwarya biyu. Ta ajiye ta Baba a gabansa da tsohon ludayinsa. Ta ajiye ɗayar a gabana, a kanta sabon ludayi fari tas, ko ɗacin duma bai gama fita daga cikinsa ba. Ta fita da sauri ba ta dube ni ba.

Na dubi ludayin, na dubi Baba. Na ce, "Baba, baƙo aka yi ne?"

Baffa ne ya amsa. Ya zaro hoton daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. "Bakin da ya sha wannan ba ya haɗa ludayi da mai salla."

Dariya na fara yi, don na zaci abin mai sauƙi ne. Na yi musu bayanin fata da takarda da launi, na ce abin da ke cikin kwalbar nan ruwan gwaji ne, ko baturen ba ya shan sa. Baffa ya bar ni na gama tsaf.

"To inabin nan," in ji shi, "me suke yi da shi a can?"

"Giya."

"Kuma giyar tana shiga ɗakin aikin naku?"

Na san in na ce ba ta shiga an wuce wurin, don babu mai zuwa Faransa ya bincika. Na ce, "Tana shiga, a kwalba. Na ɗiga ta a takarda, na duba launinta, na wanke kwalbarta. Amma bakina bai taɓa ta ba."

Baffa ya juya wajen Baba. "Yaya, ka ji da kunnenka. Mutum ya yi shekaru yana wuni a cikinta, babu uwa babu uba a kusa, wai ko ɗanɗanawa bai yi ba. Wa zai yarda?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, a kawo Alƙur'ani in dafa."

Baba, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka mini tsawar da ta watsa kajin tsakar gida. "Kul! Kar in ƙara jin wannan a bakinka!" Sannan ya sassauta murya ya ce, "Auta, ba dogon zance ba ne. Ranar Juma'a ka je gaban liman ka ce ka tuba. Allah mai gafara ne. Ka dawo mu sha furarmu."

"In tuba daga me, Baba?"

"Ka ji abin da na ce."

"Na ji. Ban sha ba, kuma ba zan tuba ba." Na tashi na bar musu furar a rufe.

Da la'asar Inna ta same ni a bayan rumbu ta warware mini tsawar. A wurinmu kowa ya san wanda ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba ya wanyewa lafiya, ko ya haukace, ko ya kuturce, ko a wayi gari babu shi. Baba ya gwammace ɗa mashayi mai rai da ɗan da Alƙur'ani ya ci. Wato so ne ya sa ya hana ni. Amma so ne da aka ɗora a kan cewa ni maƙaryaci ne, wannan kuwa ya fi duk zagin Baffa yi mini zafi.

"Kalma ɗaya ce fa, Auta," in ji Inna. "Wa ba shi da abin tuba? Ka faɗa da baki, a zuciyarka ka nufi wani zunubin daban."

"Inna, ina da zunubai, wannan dai ba ya ciki. In na tuba a gaban liman, har in mutu ni ne mashayin da ya shiryu, ƴaƴana ma da shi za a riƙa kwatanta su. Kuma in zauna ina karɓar ludayi daga hannun Baba yana mini kallon wanda aka yafe wa? Can an sa ni wankin kwalabe don na ƙi sha, nan kuma a ce in nemi gafara don na sha? Ban yi."

Ta ce taurin kan nan ba ta san inda na samo shi ba. Ni da ita duk mun san inda na samo shi, yana zaune a zaure.

Sai na yi abin da ɗan lakol zai yi, na ce zan nuna musu da ido. A akwatina akwai ragowar takardar labo. Na roƙi Inna zoɓo, da karan dafin da take rina kaba da shi in za ta saƙa faifai. Sannan na tuna Baffa ya zo da baƙin zabibi daga Makka, yana raba wa manya ƙwaya-ƙwaya kamar magani, su karɓa da hannu biyu don albarka. Inna tana da nata rabon a ɓoye cikin gwangwani. Zabibi kuwa busasshen inabi ne, ba wani abu ba. Na ce a raina, Baffa zai ga launin giyar nasara ya fito daga cikin tsarabarsa, in ga inda zai sa fuskarsa.

Washegari da hantsi na tara su gindin bishiyar bedin ƙofar gida, Baba da Baffa da liman da dattawan unguwa. Alkol ba ni da shi, kuma ko ina da shi ba ranar fito da shi ba ce, don haka da ruwan tsamiya na yi. Na daka kowanne daban, na jiƙa, na tace da ƙyalle, na ɗiga a takarda, na rataye su cikin kwalaben da Inna ke zuba man shanu. Da na ce zabibi inabi ne, liman ya gyaɗa kai ya ce haka ne, inabi halal ne, sunansa ma yana cikin Littafi. Na ji daɗi, na ce an kusa.

Zoɓo bai ba ni kunya ba. Ya hau, ya rabu, ja a gaba, shunayya na bin sa, dattawa suka matso suna salati. Na gaya musu launin zoɓo da na inabi dangi ne, gida ɗaya suka fito. Karan dafi ya yi nawa, ya tsaya kusa da ƙasa, ja mai ruwan goro. Zabibin kuwa da na dogara da shi, shi ya watsa mini ƙasa a ido. Shanya da doguwar hanya sun cinye launinsa, abin da ya hau takardar wani launi ne dishi-dishi kamar ruwan wanke-wanke.

Baffa ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya kira ni mushe, yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, ya ce, "To, mun ga sihirin takarda. Amma mushe, sa ta a maƙogwaronka mana, ta gaya mana abin da ya wuce ta nan bara."

Gaskiya ya faɗa, shi ne abin haushin. Ko da zabibin ya yi ja kamar jini, ba zai ce komai a kan bakina ba. Na ce, "Ba ta iya wannan, Baffa." Ya ce to sai tuba. Na ce sai dai ku yi ta jira. Suka kakkaɓe riguna suka watse.

Baba ne kaɗai ya zauna har takardun suka bushe. Ya tambaye ni wacce ce ta zabibi, na nuna masa. Ya kai ta kusa da ido, don da ta bushe wani siririn layi shunayya ya bayyana can sama, da ƙyar ake ganinsa. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce ragowar launin ne, bai mutu duka ba, sai an yi haƙuri ake ganinsa. Ya ajiye ta ya shiga gida. Da azahar ƙwarya biyu aka kawo.

Aka ba ni aiki a biron noma na Magaria, wato ofishin noma, aka haɗa mini da mobilet, ɗan ƙaramin babur. Duk Lahadi ina kama hanyar gida cikin yashin nan, wani wurin ni ke hawanta, wani wurin ni ke turata. In isa kafin azahar, in gaida Baba, in zauna a wurina na kullum. Inna ta kawo ƙwarya biyu. Baba ya buɗe tasa ya sha. Ni kuwa in naɗe hannuwana in zuba wa sabon ludayin ido. In ya gama in ce, "Baba, na tafi," in koma da yunwata. Ba na cin komai a gidan, ko ruwa sai na isa rijiyar Yekuwa nake roƙa.

Ku tuna shekarar yunwa ce. Geron furar nan Inna tsintar sa take yi a gindin rumbu, nono kuwa sai dai a nuna wa ƙwarya. Barin fura a irin wannan shekara abin faɗa ne, ko da yake ba ta zubewa, jikoki ke shanye ta kafin in ta da mobilet. Yayyena suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni baki. Liman, mutumin kirki, ya ja ni gefe ya ce in zo zaurensa mu biyu kawai in faɗa, babu wanda zai ji, shi zai gaya wa Baba an yi. Na gode masa, na ce ba yawan masu ji ne ya dame ni ba. Baffa kuwa ya bi kasuwanni yana cewa turawa sun cire mini kunya tare da imani. Ina jin labari in ƙara wa mobilet mai.

Kada wani ya ɗauka daɗi nake ji. Wani Lahadi a hanyar komawa na jingine mobilet a gindin gawo na yi kuka kamar yaro, kukan haushi. Ina son ubana, ina kuma jin haushinsa kamar in fashe. Ina ganin yana ramewa, wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Ya fara barin rabin furarsa, Inna ta ce sauran ranakun ma haka yake yi. Ta ce, "Za ka kashe tsohon nan." Na ce, "Ludayin yana hannunsa, Inna, miƙowa kawai zai yi." Maganar ta yi mini nauyi a baki, amma ban janye ta ba.

Damina ta zo, Allah ya sa aka sami ruwa. Gero ya yi, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. Furar Inna ta dawo da kaurinta, ƙamshinta na dukan hancina, ni kuwa hannuwana a naɗe. Sabon ludayin nan har ya fara canza launi don ajiya, bai taɓa shiga bakin kowa ba.

Wani Lahadi bayan an gama zuba gero a rumbu, Inna ta kawo ƙwarya biyu kamar kullum. Baba bai buɗe tasa ba. Ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya fito rungume da gafaka, jakar fatar da Alƙur'aninsa ke ciki, wadda aka rina da karan dafi tun zamanin kakana. Ya zauna ya ɗora ta a cinyarsa.

"Kana da alwala?"

"Ina da ita."

"To dafa."

Na gane abin da ya faru tun kafin ya rufe baki. Mutumin da ya daka mini tsawa don kada Littafin nan ya ci ni, ba zai miƙo mini shi da hannunsa ba sai ya tabbata babu abin da zai same ni. Da ƙyar na ce, "Me ya canza, Baba?"

"Na yi ta juya abin," in ji shi. "Tuba ba ta da wuya. Da ka sha, da tun Juma'ar farko ka je ka faɗa, ka dawo ka cika cikinka. Maƙaryaci ba ya turo wannan ƙarfen cikin yashi duk mako don ya zo ya zauna da yunwa." Ya matso da gafakar. "Bari a kira Baffanka da liman su shaida. Ka dafa a gabansu a rufe bakin mutane."

Hannuna har ya tashi da kansa. Wata da watanni abin da nake roƙo ke nan. Na kalli jan fatar nan, na kalli tsohon ludayin a kan faifai, sai na mayar da hannuna cinyata.

"Ba zan dafa ba."

Ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai yi ba tun da na dawo.

"Ranar da na roƙa ka hana ni," na ce. "Yau kuma ka riga ka yarda. To rantsuwar ta wa ce? Ta Baffa? Ni ba da Baffa nake shan fura ba. In ka yarda da ni, Baba, ka yarda da ni hakanan, da bakina kawai."

Na ce a raina shi ke nan, na yi wa kaina, wannan karon har zauren za a hana ni. Baba ya dubi gafakar, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ka yi da bature, ka yi da Baffanka, ka yi da liman, yanzu kuma ni."

Ya tashi ya mayar da Alƙur'ani ɗaki. Da ya dawo ya ƙwala wa Inna kira, ta shigo da sauri, don tana bayan zana tana saurare. Ya nuna ƙwaryata ya ce, "Juye wannan cikin wannan." Ta juye da sauri, har kaɗan ta zube a tabarma. Ta ɗauki sabon ludayin ta ce, "Wannan fa, Malam?"

"Aika wa Alhaji, shi ke son sabon abu."

Baffa har ya koma ga Allah bai janye maganarsa ba, kuma akwai waɗanda suka bi shi a kai. Wannan ruwansu. Ni dai ban tuba ba, ban kuma rantse ba.

Baba ya gauraya furar, ya kamfata ya sha, ya sake kamfata ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Ɗinkin bakin ludayin ya taɓa leɓena daidai inda ya saba taɓawa. Na sha, na mayar masa, ya sha, ya miƙo. Ba mu ce komai ba har muka ga gindin ƙwaryar.